Yadda Ake Zaɓar Sabuwar Feda da Robar Hannu Ga Keken Hawan Dutse

Wuri uku ne kacal jikinka ke haɗuwa da keke: sirdi, feda, da robar da kake riƙewa a hannun keken. A kan kwalta sirdi ke ɗaukar mafi yawan nauyinka. Amma da zarar an sauka daga titi an shiga duwatsu da kwazazzabai, tashi tsaye ake yi, sai ya zama ƙafa da hannu kaɗai suka rage tsakaninka da faɗuwa. Abin mamaki shi ne waɗannan biyun su masu ƙera kekuna suka fi yi wa rowa. Keke mai araha yakan zo da fedar roba mai santsi wadda ba ta kai wata nawa take fara kuka, mai tsada kuma sau da yawa babu feda ma yake zuwa, don sun san kowa da irin wadda yake so.

Shawarata tun daga farko ita ce kada launi ko sunan kamfani ya yi maka zaɓi. Girman takalminka, girman tafin hannunka, da irin hanyar da kake bi, su za su faɗa maka abin da za ka saya. Mu fara da feda, don ita ta fi yawan magana.

Mataki na farko: duba tiredin da ke kekenka

Kafin komai, ka tabbatar abin da za ka saya zai shiga. Kusan duk keken hawan dutse na manya yana amfani da feda mai tiredin inci 9/16, tiredi kuwa shi ne zaren da ake murɗa fedar ta shiga sandarta da shi. Akwai wani ƙarami, inci 1/2, wanda ake samu a kekunan yara da wasu masu araha waɗanda sandar fedarsu ta dama da ta hagu ƙarfe ɗaya ne a lanƙwashe. Idan kowace sanda daban take, an ɗaure ta da noti a tsakiyar keken, to 9/16 ne. Wannan duk bai fi kallon minti ɗaya ba, amma yana hana ka komawa wurin mai kaya.

Mataki na biyu: mai faɗi ko mai kama takalmi

Feda iri biyu ce. Akwai mai faɗi, wadda kake ɗora ƙafa kawai, ƙananan ƙusoshi su riƙe ƙasan takalmin. Akwai kuma mai kama takalmi: ana ɗaure wani ɗan ƙarfe da ake kira kilit a ƙasan takalmi na musamman, ka taka ya shige cikin fedar ya ce ƙas, ba ya fita sai ka murɗa dunduniyarka waje. Kamfanin Look na Faransa ne ya yaɗa wannan dabara a kekunan titi a 1984, daga baya Shimano na Japan ya fito da tsarin SPD a 1990, wanda aka yi shi don ƙasa da laka, kuma har yau shi ya fi yawa a kekunan dutse.

Mahaya sun daɗe suna musu kan wacce ta fi, kuma kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Mai kama takalmi tana ajiye ƙafarka wuri ɗaya komai girgizar hanya, tana taimakawa wajen hawa tudu mai gargada, ga takalminta mai taurin ƙasa wanda ba ya ɓata ƙarfin taku. Shi ya sa kusan duk masu tseren dogon zango ita suke sawa. Mai faɗi kuwa tana ba ka damar sauke ƙafa cikin ƙiftawar ido, ka dogara a kwana, ko ka yi tsalle ka bar keken idan abu ya ɓaci. Tana kuma tilasta maka koyon hawa na gaskiya, domin duk wanda bai iya danna dunduniya ƙasa ya matse fedar da nauyinsa ba, ƙafarsa za ta riƙa tashi a kowane dutse.

Idan sabon shiga ne kai, ko kana hawa ne don jin daɗi da motsa jiki, ko keken nan shi kake shiga gari da shi da takalmin yau da kullum, ɗauki mai faɗi. Kada wani ya ce maka ta 'yan koyo ce. Sam Hill, ɗan Ostireliya, da ita ya ci kambun duniya na tseren gangara a 2006 da 2007 da 2010, ya kuma zo ya lashe gasar Enduro ta duniya shekara uku a jere, 2017 zuwa 2019, alhali yawancin abokan karawarsa ƙafarsu a maƙale take. Idan kuwa doguwar tafiya kake yi, tudu ya fi gangara yawa a hanyarka, kuma ka riga ka ƙware wajen sarrafa keken, mai kama takalmi za ta biya ka. Ka dai tuna cewa sayenta sayen abu biyu ne, feda da takalmi.

Akwai wata mai fuska biyu, gefe ɗaya faɗi, ɗaya gefen maƙali. A cikin gari tana da amfani. A hanyar dutse ba na ba da shawararta, don a daidai lokacin da kake gaggawar mayar da ƙafa, sai ka tarar fuskar da ba ka so ce a sama.

Mataki na uku: idan mai faɗi ka zaɓa

A nan ne ya kamata ka ɗan zauna ka duba da kyau, don bambancin mai kyau da marar kyau ba ya fitowa a hoto.

Fara da girman farantin, wato fuskar fedar da ƙafa ke zama a kai. Yawancinsu suna tsakanin milimita 90 zuwa 115 a tsawo da faɗi. Juya takalminka ka auna inda ya fi faɗi, wajen tushen yatsu. Fedar da ta dace ita ce wadda faɗinta ya yi kusa da wannan awon. Idan ta yi ƙanƙanta, gefen ƙafarka zai rataya a iska, tafin ƙafa ya lanƙwashe a kanta, bayan awa ɗaya ka ji yana zafi. Idan ta yi girma fiye da kima, ƙusoshin gefe ba za su taɓa takalmin ba, sai dai su riƙa karo da duwatsu da kututture. Wasu kamfanoni sun sauƙaƙa wannan: Crankbrothers yana yin fedarsa Stamp girma biyu, ƙarama ga mai takalmi har zuwa lamba 43, babba ga wanda ya wuce nan.

Sai siffar fuskar. Ka ɗaga fedar daidai idonka ka kalle ta ta gefe. Wata tsakiyarta ya ɗan lotsa, gaba da baya sun fi tudu, yadda ƙafa ke zama a ciki kamar a cikin tafin hannu. Irin wannan ta fi riƙo, kuma ita na fi so. Wata a miƙe take. Wata kuma tsakiyarta ne ya ɗan taso, saboda an sirantar da gefunan, kuma ta fi dacewa da mai ɗora tsakiyar ƙafarsa a kan feda. Wadda za ka guje wa ita ce mai ƙullutu babba a kan ƙarfen tsakiya wanda ya kusa kai tsayin ƙusoshin, don takalmin zai zauna a kan ƙullutun, ƙusoshin su zama na ado.

Ƙusoshin kansu su ne ran fedar. Na ƙarfe ake nema, waɗanda ake iya kwancewa a sauya, ba 'yan tsirin robar da aka zuba tare da jikin fedar ba, waɗanda ruwa na taɓa su santsi ya zo. Ana samun takwas zuwa goma sha ɗaya a kowace fuska. Ka lura da ta inda ake ɗaure su. Waɗanda ake sakawa ta bayan farantin, kansu na ɓoye a ciki, sun fi sauƙin canzawa, domin ko dutse ya daddauje tsinin, ramin alankin, wato makullin nan mai kusurwa shida da ake kwance su da shi, yana nan lafiya. Waɗanda ake ɗaurawa ta sama kuwa, ramin alankin ne ke shan dukan, in ya toshe sai da filaya da haƙuri. Doguwar ƙusa siririya ta fi kamawa, amma ita ce kuma ta fi yanka ƙwauri ranar da ƙafa ta zame. Wanda yake farawa zai iya sa 'yan washa a ƙarƙashinsu ya rage tsayin, idan fedar ta zo da su, ko ya sa abin kare ƙwauri.

Kauri ma abin dubawa ne. Kekunan dutse na zamani an sauke tsakiyarsu ƙasa don su zauna daram a kwana, abin da ya sa feda ke yawan dukan dutse. Siririyar feda, wadda ba ta wuce milimita 11 zuwa 17 ba, mai gefuna a fiƙe ta yadda za ta goge dutse ta wuce maimakon ta cije, tana rage wannan. Sai dai sirantar tana da farashinta: babu wurin sa babban boris, wato abin da fedar ke juyawa a kansa, a ciki, don haka wasu sirara sukan fara lilo da wuri.

Jikin fedar ko dai alminiyom ne ko nailan mai tauri. Mutane da yawa suna raina ta nailan don sun ɗauka irin robar nan ce da ke zuwa da keke. Ba ita ba ce. Irin su Race Face Chester da OneUp Composite suna da ƙusoshin ƙarfe da boris a rufe, ba su da nauyi, kuma idan sun daki dutse sukan zame ne, ba sa nuna tabo sosai. Ta alminiyom, irin DMR Vault, ta fi jure shekaru, ana iya yin ta siririya, ta kuma fi kyan gani. Ga mafi yawan mahaya ta nailan mai kyau ta wadatar, ragowar kuɗin a sa a takalmi. Wannan ba ƙaramar magana ba ce: rabin riƙon feda daga takalmi yake zuwa. Takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da roba mai laushi, irin wanda Five Ten ya yi suna da shi, ƙusoshi nutsewa suke yi a cikinsa. Takalmin gudu mai kumfa da manyan ramuka a ƙasa, komai tsadar fedar, yawo zai riƙa yi a kai.

Abu na ƙarshe, riƙe ƙarfen tsakiyar ka juya fedar da yatsa. Kada ka ruɗu da wadda ke ta wulwulawa ba tsayawa, sau da yawa alamar rashin giris ce ko boris mai sako-sako. Mai kyau tana juyawa sumul da ɗan nauyi, ba gargada, ba lilo gefe da gefe. Ka tambaya ko ana samun kayan gyaranta, wato boris da bushin da ƙusoshi, tun kafin ka biya.

Mataki na huɗu: idan mai kama takalmi ka zaɓa

Kilit na kekunan dutse noti biyu ne ke riƙe shi, kuma yana nutsewa cikin ƙasan takalmin yadda za ka iya takawa a ƙasa. Kada ka sayi na kekunan titi mai noti uku, wanda ke fitowa waje, don duk inda ka sauka tura keke zamewa za ka yi.

Takalmi mai ramin noti biyu yana karɓar kilit na kowane kamfani, amma kilit na wani tsari ba ya shiga fedar wani tsarin. SPD ta Shimano tana da ɗan sukuru da ake ƙara ko rage ƙarfin kamun da shi, ga ta da ƙarko. Kilit ɗinta iri biyu ne: SH51, baƙi, wanda ke sakin ƙafa idan ka murɗa dunduniya gefe kawai, da SH56, mai alamar M, wanda ke saki ko ta gefe ko ka ɗan fizga sama a karkace. Mai koyo ya fara da SH56. Crankbrothers kuwa, musamman Eggbeater mai shiga ta fuska huɗu, ta fi zubar da laka, tana kuma barin ƙafa ta ɗan motsa, abin da masu ciwon gwiwa ke so. Amma kilit ɗinta na tagulla ne, yana cinyewa da wuri, kuma yawancinsu ba su da sukurun daidaita kamu. Time ATAC ma ta yi suna wajen aiki cikin laka.

Za ka ga wasu ƙanana ne, maƙalin kawai, wasu kuma an kewaye maƙalin da faranti. Ƙaramar ta dace da takalmi mai tauri da doguwar tafiya. Mai faranti ta fi ga mai gangara a wuri mai wuya, don ko ba ka samu ka maƙala ba, akwai inda ƙafa za ta zauna na ɗan lokaci.

Wajen ɗaura kilit, da alanki mai lamba 4, sa shi ya ɗan koma baya da tushen babban yatsa, ka shafa giris a notin, ka ɗaure sosai, don kilit mai sako-sako juyawa yake yi tare da fedar ya hana ƙafa fita. Ka lura da yadda ƙafarka ke zama idan kana tsaye, ko yatsu na kallon waje ko ciki, ka daidaita shi haka. Kilit ɗin da ya tilasta wa ƙafa miƙewar da ba tata ba, gwiwa ce ke biya. Sannan ka sassauta sukurun kamun har ƙarshe, a fuska biyu na kowace feda, wato wuri huɗu ke nan. Jingina da bango ka yi ta shiga da fita har ƙafar ta haddace, sai ka koma fili mai ciyawa, kafin ka nufi dutse.

Mataki na biyar: cire tsohuwa, ɗaura sabuwa

Ga inda aka fi yin ɓarna. Fedar dama tiredinta irin na kowane noti ne. Ta hagu kuwa a juye take: inda ake ɗaure sauran notuna, nan ake kwance ta. An yi haka ne da gangan, saboda yadda nauyin taku ke zagaya ƙarfen tsakiyar yana sa shi ya riƙa rarrafawa a cikin raminsa, kuma da tiredin hagu irin na dama ne, da kwancewa zai riƙa yi a hanya. A bakin kowane ƙarfen tsakiya za ka ga R na dama ko L na hagu. Dama da hagu a nan na wanda ke zaune a kan sirdi ne. Ɓangaren kaca shi ne dama.

Kayan aikin ko dai sifana siririya mai lamba 15, ko alanki mai lamba 6 ko 8 da ake sakawa ta bayan sandar. Idan kekenka yana da farantin kaca mai haƙora fiye da ɗaya a gaba, mayar da kaca kan babban tukuna, don idan sifana ta kuɓuce kada haƙoran su tsaga maka hannu. Hanya mafi sauƙi ta tuna alkibla: idan hannun sifanar yana sama, tura shi wajen tayar baya kwancewa ne, wajen tayar gaba ɗaurewa ne, kuma haka yake a kowane ɓangare. Wannan ya fi tunanin agogo, musamman idan da alanki kake aiki ta baya, inda komai ke zuwa a juye.

Idan ta cije, fesa man kwance tsatsa a gaba da bayan ramin, ka bar shi ya jiƙa, ka ƙara wa sifanar tsawo da bututu. Ka sake tabbatar da alkiblar kafin ka sa ƙarfi.

Bayan ta fita, goge ramin da tsumma, shafa giris a tiredin sabuwar, ka sa washa idan sandar ta zo da ita. Sai ka fara ɗaurawa da yatsu zalla. Ya kamata ta shiga zagaye uku ko huɗu ba gardama. Idan ta tsaya tun a zagayen farko, dakata, ko ta karkace ne ko ka ɗauko ta ɗaya ɓangaren. Ƙarfen fedar ya fi alminiyom ɗin sandar tauri nesa ba kusa ba, don haka idan ka matsa da sifana, tiredin sandar ne zai cinye, kuma gyaransa sai an huda an sa sabon zare a ciki ko a sauya sandar gaba ɗaya. Idan ta shige lafiya, ƙarasa da sifana ka ɗaure tamau, wajen Nm 35 zuwa 40, wato awon ƙarfin ɗauri, ga mai sifanar awo. Da ka gama, duba tsayin sirdi. Sabuwar feda da ta fi tsohuwar siranta, ko sabon takalmi mai kaurin ƙasa, suna canza nisan da ƙafa ke miƙewa, kuma 'yan milimita kaɗan sun isa gwiwa ta sani.

Mataki na shida: robar hannu

Wannan ta fi sauƙi ta fuskar awo. Inda ake sa roba a hannun keken dutse kaurinsa milimita 22.2 ne, kusan a kowane keke. Lambobin 31.8 da 35 da kake gani a rubuce na tsakiyar ƙarfen ne, inda aka ɗaure shi, babu ruwansu da roba. Tsawon robar yakan kama milimita 130 zuwa 135. Idan giyar kekenka irin wadda ake murɗawa da hannu ce, gajeruwa za ka nema a wannan ɓangaren, wajen milimita 90.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne kaurin robar ta waje, wanda yawanci ke tsakanin milimita 29 da 34. Bambancin kamar ba komai, amma hannu yana ganewa nan take. Kama robar yadda kake riƙe ta a kan keke, da safar hannun da ka saba sawa, yatsa manuni a miƙe kamar yana kan birki. Idan sauran yatsun sun zagayo har suna nutsewa cikin tafin hannunka, ta yi maka siranta, za ka riƙa matsewa fiye da kima, damtse ya ƙage a doguwar gangara. Idan kuma da tazara mai yawa tsakanin yatsun da tafin, ta yi kauri, hannun ba zai rufe ba, riƙon ya yi rauni a wurin girgiza. Wadda yatsan tsakiya ke ɗan taɓa tudun babban yatsa, ita ce taka.

Ta fuskar ɗauri, iri biyu ce. Akwai mai makulli, wadda kamfanin ODI ya yaɗa: a cikinta akwai bututun roba mai tauri, a bakinta zoben ƙarfe da ɗan noti. Sa ta da cire ta wasa ne, kuma ko ruwan sama ya jiƙa ta ba ta juyawa. Aibinta shi ne bututun cikin ya cinye wurin da roba mai laushi za ta zauna. Mai zobe ɗaya, ta ciki, ta fi mai zobe biyu daɗi ga wanda ke ɗora gefen hannunsa a can ƙarshen ƙarfen, don babu ƙarfe a ƙarƙashin tafinsa. Ɗaya irin ita ce wadda ake zurawa kawai, ta roba ko kumfa ko silikon, irin ta ESI. Ba ta da nauyi, ta fi shanye girgiza tunda duk kaurinta laushi ne, amma sa ta sai da dabara, ta silikon kuma tana yagewa idan keke ya faɗi a kanta. Ga wanda ke hawa cikin ruwa da laka, ko mai yawan kwance birki da giya, mai makulli ta fi kwanciyar hankali.

Roba mai laushi ta fi kama hannu, ta fi kuma saurin cinyewa. Wasu kamfanoni suna rubuta lambar taurin, ƙaramar lamba ita ce mai laushi. Zanen jikinta ya danganta da kai: mai hawa ba safar hannu ya nemi ƙananan layuka masu laushi, mai yawan gumi ya nemi mai ramuka a ƙasa inda yatsu ke kamawa.

Sai batun mutuwar hannu, wadda ita ce ke kai yawancin mutane neman sabuwar roba. Ka lura da yatsun da ke sanƙarewa. Idan ƙaramin yatsa ne da na kusa da shi, jijiyar da ke bi ta gefen tafin hannu ce ake dannewa. Idan babban yatsa ne da manuni da na tsakiya, jijiyar tsakiyar wuyan hannu ce, kuma yawanci lanƙwasa wuyan hannun ne ya jawo. Roba mai fiffike, irin Ergon GP1, tana baza nauyin a faɗin tafin, tana kuma tallafe wuyan hannu, don haka tana da kyau ga doguwar tafiya a zaune. A gangara mai wuya kuwa fiffiken yana hana hannu juyawa yadda ake so, shi ya sa kamfanin ke yin wasu masu ɗan tudu kaɗan don irin wannan hawa. Amma kafin ka ɗora wa roba laifi, duba marikin birki. Idan ya kalli ƙasa sosai ko ya ɗago sama sosai, wuyan hannu ba zai miƙe ba. Sirdin da hancinsa ya sunkuya shi ma yana zubo nauyinka kan hannu, haka tayar da aka cika wa iska. Idan an gyara duk waɗannan hannun bai daina mutuwa ba, ko yana kwana a haka bayan an sauka, wannan maganar likita ce.

Mataki na bakwai: sa robar

Mai makulli: kwance notin zoben da alanki mai lamba 2.5 ko 3, zare ta. Wadda aka zura kuwa, cusa siririn abu marar kaifi a ƙarƙashin bakinta, ɗiga sifirit, ka murɗa har ta saki. Idan ba za ka sake amfani da ita ba, tsaga ta da reza, amma idan hannun kekenka na kabon ne kada wuƙa ta kusance shi, don ƙaramin yanka na iya zama inda zai karye wata rana.

Goge ƙarfen tas da sifirit ya bushe. Mai makulli a busasshen ƙarfe ake sa ta. Duba ko akwai ta dama da ta hagu, tura ta har ƙarshe, ka buga da tafin hannu ka ji ta zauna, ka juya ta yadda zanen ya dace da yatsunka, kan notin kuma ya kalli inda ba zai goge babban yatsa ba. Notin ƙarami ne, ƙarfin da ake so a rubuce yake a zoben ko a kwalin, kuma ɗan kaɗan ne. Ɗaure har robar ta daina juyawa idan ka murɗa da ƙarfi, ka tsaya nan.

Wadda ake zurawa, jiƙa cikinta da ƙarfen da sifirit, ka tura da sauri kafin ya bushe, ka bar ta wasu awoyi, in da hali ta kwana. Kada ka sa mai, ko giris, ko sabulu. Za ta shiga da sauƙi, amma ranar da ruwa ya shiga ƙarƙashinta za ta juya a hannunka ana tsakiyar gangara.

Kada ka fita sai bakin ƙarfen nan biyu a toshe suke. Buɗaɗɗen bakin bututu yana iya huda ciki ko cinya idan aka faɗa kansa, shi ya sa ba a barin keke ya shiga tsere babu murfin. Idan robarka ba rufaffen baki gare ta ba, sa murfin da ta zo da shi. Ga ta silikon, murfin ake fara sawa kafin a zura robar.

Daga nan sai ka mayar da marikin birki wurinsa: matsar da shi ciki har yatsa manuni kaɗai ya faɗa daidai lanƙwasar bakinsa, ka karkata shi yadda hannu da damtse za su zama layi ɗaya idan ka tashi tsaye a kan feda. Bayan fita ta farko, sake bi ta kan notin zoben, da fedar biyu, da notin kilit idan kana da shi, don sabon ɗauri yakan ɗan saki bayan ya sha girgiza.